Barcin ɗalibi yana cikin karatunsa

Jawabi ga iyayen ɗaliban jami'a, don a karanta wa jama'a a cibiyoyin yaƙi da jahilci.



Maganar yau a kan ɗiyan talakawa ce, waɗanda suka ci jarrabawar bak suka tafi jami'a. A da jami'a guda ce a Nijar, ta Yamai, wadda ta soma a 1971. Ita ce ake kira Jami'ar Abdu Mumuni. A 2010 aka kafa wasu a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yanzu ƙauyuka da yawa suna da yaro ko yarinya a jami'a.

Karatun nan ba da sauƙi yake zuwa ba. Uba ya sayar da rago. Uwa ta sayar da ƙuli-ƙuli ta tara jika biyu ko uku ta aika. Ran nan yaro ya bugo waya ya ce: "Baba, kwana uku ban runtsa ba saboda jarrabawa." Sai uba ya ji daɗi, ya ce ɗansa yana da himma. To, a nan akwai gyara. Yaron da ba ya barci yana zubar da karatunsa. Idan ya faɗi ya sake shekara, kuɗin rago sun tafi.

Aikin barci

Kowane manomi ya san girbi ba ya ƙarewa a gona. Sai an ɗaure dammuna an kai rumbu. Hatsin da aka bari a ƙasa rabon gara ne da tsuntsu. Haka karatu yake. Da rana ɗalibi yana girbi. Da dare, yana barci, ƙwaƙwalwa tana tsince abin da ya koya tana ajiye shi. Wanda ya hana ta barci ya bar hatsinsa a gona.

Masana sun gwada wannan tun da daɗewa. A 1924, a Jami'ar Kwanel ta ƙasar Amurka, an ba ɗalibai biyu kalmomi goma-goma marasa ma'ana su hardace. Wani lokaci su kwanta bayan hardar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu. Bayan awa 8 na barci sun tuna fiye da rabi. Bayan awa 8 ido biyu, kusan duka sun ɓace musu.

Barci kuma hawa-hawa ne. Akwai mai nauyi, wanda ya fi yawa a farkon dare. Akwai na mafarki, wanda ya fi yawa gab da asuba. Mutum yana zagaya su kamar kowane minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. Kowane yana da amfaninsa. Wanda ya yi awa 3 kaɗai ya yanke aikin a tsaka.

Rashin barci yana taɓa hankali. A 1997 masana a ƙasar Ostiraliya sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, hannunsa da idonsa suna nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya. Da irin wannan kai yaro zai shiga ɗakin jarrabawa. Da shi kuma wani zai hau babur ya yi kabu-kabu don neman kuɗin abinci. Jiki ma yana raunana. Mura da sauran cututtuka sun fi kama wanda barcinsa bai isa ba. Fushi da baƙin ciki suna ƙaruwa.

Awa nawa?

Likitoci sun ce saurayi ko budurwa mai shekara 18 zuwa 25 yana bukatar awa 7 zuwa 9. Ɗan lise, wanda bai kai 18 ba, awa 8 zuwa 10. Lissafin ba wuya. Mai tashi sallar asuba ƙarfe 5, idan yana son awa 7, sai ya kwanta ƙarfe 10 na dare. Idan ya kai ƙarfe 1, awa 4 ya samu. Hausawa sun ce ba a cin bashin barci. Wanda ya ci zai biya a cikin aji, malami yana magana shi yana gyangyaɗi. Barcin ranar Lahadi ba ya biyan bashin mako guda.

Ɓarayin barci

Na farko shayin fada. Samari su zauna a dafa na ɗaya, na biyu, na uku, har dare ya raba. A cikin shayi da kofi da goro akwai wani sinadari mai suna kafeyin. Ba ya kawar da gajiya, rufe ta yake yi. Kuma yana daɗewa a jini. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan. Wanda ya sha shayi mai ƙarfi ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 bai rabu da shi ba.

Na biyu wayar salula. Yaro ya kwanta da ita a hannu. Haskenta da hirar cikinta suna hana ido rufuwa. Minti biyar ya zama awa biyu.

Na uku ƙwayoyi, kuma shi ya fi muni. Wasu suna sayen tiramol a tebur, wai don su jure karatu. Tiramol maganin ciwo mai tsanani ne, likita kaɗai ke rubuta shi. Wanda ya saba da shi, barinsa yana yi masa wuya ƙwarai. Idan ya yi yawa yana sa farfaɗiya, yana tsayar da numfashi, yana kisa.

Na huɗu zafi da sauro da cunkoso. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Yamai. Da damina sauro ya zo da zazzaɓin cizon sauro. Wani ɗaki kuma mutane sun yi masa yawa, wannan yana karatu, wancan yana jin rediyo.

Abin da ɗalibi zai yi

Ya tsayar da lokaci guda na kwanciya da na tashi, ya riƙe shi kullum. Jiki yana da agogonsa, yana son saba.

Ya raba karatu kaɗan-kaɗan tun farkon shekara. Gonar da aka bari sai ran girbi ba ta ba da hatsi. Bayan sallar asuba kai yana wasai, gari da sanyi, lokacin bita ne mai kyau. Daren jarrabawa ya rufe littafi da wuri ya kwanta.

Ya bar shayi da kofi daga la'asar. Ya ajiye waya nesa da shimfiɗa kafin ya kwanta.

Idan gajiya ta kama shi da rana, ya yi ƙailula ta minti 20 ko 30 bayan azahar. Kada ta wuce haka, don kada ta ci barcin dare.

Ya kwana cikin sange mai magani, ko a ɗaki ko a waje. Ya sha ruwa mai tsabta da yawa. Ya karya kumallo ko da koko ne da ƙosai. Wake da gyaɗa da zogale suna gina jiki, kuma ba su da tsada kamar nama. Ya motsa jiki da tafiya ko ƙwallo.

Abokan ɗaki su yi shawara su sa lokacin kashe fitila. Mai son ƙarin karatu ya fita waje.

Wanda ya yi makonni barci yana ƙi masa, ko zuciyarsa ta cika da damuwa, ya tafi wurin likita. Ba abin kunya ba ne. Kada ya sayi maganin barci a kasuwa.

Aikin iyaye

Uba bai san abin da ke cikin littafin ɗansa ba, amma ya san gajiya. Ya san sa ba ya jan garma dare da rana. Idan yaro ya bugo waya, a tambaye shi lafiya, a tambaye shi abinci, a kuma tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Idan ana haɗa masa kayan tafiya, a sa sange tare da gari da ƙuli-ƙuli. Kada a riƙa kiransa tsakar dare. Idan ya zo hutu an ga ya rame, idonsa ya yi ja, yana yawan faɗa, a zauna da shi cikin lalama a ji abin da ke damunsa.

Ƙasa tana jiran waɗannan yara su dawo likitoci da malamai da masanan gona. Lafiya uwar jiki ce, barci kuma yana cikin lafiya. Wanda ya ji wannan jawabi ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba ɗiyanmu sa'a, ya ba ƙasarmu damina mai albarka. Wassalam.