Shin Wanda Ke Cikin Kwantena Zai Iya Ƙwace Kwamfuta?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke aikin kula da kwamfutoci. Ya ce an gaya masa in ya sa manhaja a cikin kwantena, to ya ɗaure ta ke nan, ba ta da hanyar taɓa sauran kwamfutar. Shin haka ne?

To malam, da gaskiya a maganar, amma da sauran rina a kaba. Kwantenar da ake nufi a nan ba ta tashar jirgin ruwa ba ce. Wani killataccen wuri ne a cikin kwamfuta, wanda manhajar Docker ta yayata shi tun daga 2013. Ka ɗauke shi kamar ɗaki a gidan haya. Kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, amma maigadi ɗaya ne. Wannan maigadi shi ne kanel, wato zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a Finland a 1991. Duk kwantenonin da ke kan kwamfuta ɗaya, kanel ɗaya suke roƙo izini.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Akwai manhajojin da ake manna musu wata alama mai suna setuid, dabarar Dennis Ritchie ce tun zamanin Unix, an ba shi takardar mallakarta a 1979. Duk wanda ya kunna irin wannan manhaja, kanel zai ba ta ikon mai ita, ko da wanda ya kunna ta talaka ne. Misali, manhajar passwd da kake canza kalmar sirri da ita, dole ta yi rubutu a fayil ɗin da sai babban mai iko, wato rut, ke taɓawa. Kamar ɗan aike ne da ya riƙo sandar sarki. In aka yaudare shi a hanya, da sandar za a yi ɓarna. Haka aka gano a manhajar pkexec a Janairun 2022, alhali ramin na nan tun 2009.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, rut na cikin kwantena sau da yawa lambarsa sifiri ce, daidai da rut na waje. Shinge ne kawai a tsakaninsu. A Fabrairun 2019 aka bayyana yadda muguwar kwantena ke iya yaudarar runc, manhajar da ke buɗe kwantenoni, har ta goge fayil ɗin runc na waje ta sa nata. Da an sake kunna shi, shi ke nan, ɗan haya ya zama maigida. Kafin wannan kuma, a 2016, an yi Dirty COW, wani rami a kanel kansa da ya shekara 9 ba a gani ba.

To mene ne abin yi? Tun Linux 3.5 a 2012 akwai wani ƙulli da ake kira no_new_privs. In ka ɗaura shi, alamar setuid ta zama ado, kuma ba ya kwantuwa, har manhajojin da waccan ta haifa za su gaje shi. Ni a ganina kowace kwantena ya kamata ta tashi da shi, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Daga Linux 3.8 a 2013 kuma ana iya sa rut na ciki ya zama talaka tilis a waje. Manhajar da ba ta bukatar ikon rut kuwa, kada ma a ba ta.

Sai dai ka riƙe wannan, malam: sabunta abin da ke cikin kwantena ba ya gyara kanel. Na uwar kwamfutar za ka sabunta, kuma galibi sai ka sake kunna ta gyaran zai kama. In kuwa manhajar baƙo ce wadda ba ka yarda da ita ba, ka duba Kata Containers, wadda ke ba kowa kanel nasa, ko gVisor da Google ya fitar a 2018.

Da fatan ka gamsu. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da tambayoyi, sai mako mai zuwa.