Kada Mu Tare Wa Ruwa Hanya

 

Tunda damina ta ƙarato, maganarmu ta yau a kan ruwa ce. Ruwan da ke sauka a kan kwanon ɗakunanmu a nan Ibadan daga teku ya taso. Rana ta bugi tekun Atlantika, tururi ya tashi ya zama girgije, iska ta koro shi nan, ya zubo. Wani ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyinmu, wani ya bi kwata ya faɗa rafin Ogunpa, ya kama hanyar komawa teku. Haka Allah ya tsara abinsa.

To, jama'a, daminar nan ta fi ta Kano da Sakkwato tsawo. Dattawanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, ga kuma ta Agustan 2011, duk an yi asarar rayuka da dukiya. Sharar da ta toshe magudanai tana cikin abin da ya jawo.

Alhali ganyen goro, ɓawon doya da kashin dabbobi da muke zubarwa a kwata, ai taki ne. In sun ruɓe a gona, shuka ta ci, mu kuma mu ci amfaninta. Leda ce ba ta ruɓa da wuri, sai a ware ta daban.

Saboda haka muna roƙon kowane mai gida ya yashe kwatar ƙofar gidansa tun kafin ruwan fari. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.