Gadon Wanda Ya Rasu a New York

Da yawa daga cikinmu na da ɗan'uwa a Amurka, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya ke neman abinci. Idan rai ya yi halinsa a can, ina maganar gado take?

Tana hannun kotun gado ta gundumar da mamacin ya zauna. Jihar New York na da gundumomi 62, kowace da tata kotun. A da, sai an je ofishin an duba fayil. Yanzu shafin WebSurrogate na ba kowa damar neman shari'ar gado da sunan mamaci, kyauta, ko daga Kano ko Zinder. Lauyoyi kuma na shigar da takardu ta intanet a tsarin NYSCEF, amma ainihin takardar wasiyya sai an kai ta kotu.

Wannan sauƙi alheri ne ga magada na nesa, domin mai riƙon dukiya ba zai iya yi musu rufa-rufa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wasiyya. Wanda ya rasu bai bar ta ba, dokar jihar ce za ta raba dukiyarsa: idan ya bar mata da 'ya'ya, matarsa ta ɗauki dala 50,000 da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran. A wannan hali, iyayensa ba su da ko sisi.

'Yan'uwa mazauna can, ku nemi lauya ku rubuta wasiyya tun kuna da lafiya.