Ciwon Uraniyom Ba Ya Tsayawa a Arlit

Masu sauraronmu na Malbaza, Ƙonni da Illela.

Yau maganarmu a kan lafiyar waɗanda suka haƙa uraniyom ne.

Mu fara da nesa. A tsibiran Polineziya, Faransa ta yi shekara talatin tana gwajin bama-baman nukiliya. Mutanen wurin suka yi ta fama da ciwon daji. Sai a 2010 aka yi dokar biyan diyya. Har yau masu neman haƙƙinsu suna kokawa da wahalar samunta.

To, mu dawo gida. Kamfanin haƙar uraniyom na Cominak da ke Akokan, kusa da Arlit, ya rufe a 2021, bayan shekara sama da arba'in. Ya bar tulin sharar da ke fitar da tururi mai guba. Can baya, masu bincike sun tarar ana sayar da ƙarafan ma'adinai masu wannan guba a kasuwar Arlit, mutane na kai su gidajensu.

Ku lura, jama'a. Ciwon da wannan guba ke jawowa ba ya nuna kansa da wuri. Sai mutum ya koma garinsu, ya tsufa, sannan tari ya kama shi, numfashi ya yi nauyi. Wa zai duba shi a Illela? Wa zai ce daga ramin uraniyom ne?

An kafa cibiyar bibiyar lafiyar ma'aikata a yankin Agadez. Amma leburorin 'yan kwangila sun koka an bar su a baya.

Muna roƙon hukuma ta rubuta sunayensu, a riƙa auna huhunsu a asibitocin kusa da su, a biya wanda ya cutu.

Sai wani jiƙon.