Sunan Inji Ba Ya Kare Yatsa: Jawabi Ga Kafintoci Da Masu Yankan Katako

Jama'a, duk wanda ya ratsa Kasuwar Katako da ke Laranto a birnin Jos ya san ƙarar injin zarto. Da ita ake fita da safe, da ita ake komawa gida. Injin nan ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, gama abin da kafinta ke yini yana yi da zarton hannu a da, yanzu sai a gama shi kafin hantsi. Amma sauƙin nan yana tafe da haɗari. Faifan zarton da ake riƙewa a hannu yakan juya wajen sau 5,000 a minti guda, watau haƙoransa na gudun da ya kai kilomita 150 a awa. Babu mai zafin naman da zai janye hannu kafin su.

An lura kafintoci, da ma'aikatan ofis masu sassaƙa don sha'awa a ƙarshen mako, sukan ɓata lokaci wajen gardama a kan wane inji ya fi. Wannan ya ce Makita na Japan, wancan ya rantse da Bosch na Jamus, wani kuma ba ya son jin kowa sai DeWalt na Amurka. Gardamar ta ƙara zafi da shigowar zarto mai bin dogo, wanda kamfanin Festool na Jamus ya yi suna a kansa. Shi wannan, ana shimfiɗa wani dogon ƙarfe mara nauyi bisa katako, mai roba a ƙarƙashinsa don kada ya zame, sa'an nan injin ya bi shi kamar yadda jirgin ƙasa ke bin layinsa. Faifan yana ɓoye cikin gidansa, ba ya fitowa sai an danna shi ƙasa. Lalle wannan ci gaba ne, domin yanka yakan fita sak, hannu kuma yana nesa da haƙora. Duk da haka, zarto bai san sunan da aka rubuta a jikinsa ba. Mai tsada da mai araha duk ɗaya suke yanka nama.

Babban haɗari shi ne harbin zarto. Idan katako ya matse faifai a tsakiyar yanka, sai injin ya yi tsalle ya dawo kan mai shi, ko kuwa ya wurgo katakon. Ɗanyen katako, da dakusassun haƙora, da falle mai faɗi da ba a tokare shi sosai ba, su ne ke jawo haka. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada a cire murfin faifai, ko siririyar wuƙar da ke bayansa, wadda ke hana katako matsewa.
2. A daidaita faifai ya leƙo ƙasan katako kaɗan kawai, a kuma ɗaure katako da dogon kafin a kunna.
3. A zare waya daga wuta kafin a canza faifai. In an ɗauke wuta, a kashe inji nan take, domin wutar ba ta sallama in za ta dawo.
4. Kada a yi aiki da babbar riga ko mai faɗin hannu. A sa tabarau, a toshe kunne.
5. A duba injin gwanjo kafin a saya. Wutar Nijeriya mai ƙarfin 230 ce, alhali yawancin na Amurka don 120 aka ƙera su.

Akwai kuma haɗarin da ba ya zub da jini. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, musamman na hanci. A rufe hanci da baki, a riƙa share garin katako kullum, balle da hunturu, lokacin da tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumfuna.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani sashen inji mai haɗari, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuwa tana da sufetoci masu duba haka. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mutanen Jos kuma ba su rasa wurin neman sani ba, tun da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana garin tun 1958, nan ne kuma hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971.

Nauyi mafi girma yana wuyan maigida. Yaron da aka kawo koyon sana'a amana ne, kuma abin da ya ga ubangidansa na yi shi zai yi. Kada a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa alhali da hannu aka cire murfin. Ana sayen sabon faifai a kasuwa, amma ba a sayar da yatsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.