Ayarin Masu Ziyara a Ƙasar Girka: Abin da Kufai ke Faɗa

Manufar wannan lacca ita ce bin sawun ayarin masu ziyara da kan ratsa ƙasar Girka daga arewa zuwa kudu, domin a ga abin da sukan gani, da kuma abin da kan kuɓuce musu.

Galibi irin wannan ayari yakan bi hanyar da Manzo Bulus ya bi wajen shekara ta 50 Miladiyya. Akan fara daga Filibi, inda aka yi wa Lidiya, mai fataucin tufafin shunayya, baftisma. Daga nan sai Tasalonika da Biriya, sannan Atina da Koranti, inda Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi. Akan kuma ratse zuwa Delfi, cibiyar duba ta Girkawan dā. A can aka tono wani dutse mai ɗauke da sunan Galiyo, gwamnan da aka gurfanar da Bulus a gabansa. Da wannan rubutu ne masana suka tsayar da lokacin zamansa a Koranti, wato wajen shekara ta 51 zuwa 52. Ashe ke nan kufan masu bautar gumaka ne ya zama shaida ga tarihin Kirista.

A Atina ne al'amarin ya fi fitowa fili. Daga Tudun Arasa, inda Bulus ya yi wa masana jawabi, mai ziyara na hangen Fartenon, ɗakin bautar Atena da aka gina tsakanin shekara ta 447 da 432 kafin Miladiyya. Wannan gini ya zama coci na tsawon ƙarnuka, sannan ya zama masallaci bayan da Turkawan Usmaniyya suka ci birnin. A 1687 harsashin igwar sojojin Fenis ya faɗa kan albarushin da aka adana a ciki, ginin ya tarwatse. Daga 1801 kuma jakadan Ingila, Lord Elgin, ya shiga kwashe sassaƙe-sassaƙensa, waɗanda aka sayar wa gwamnatin Ingila a 1816. Girkawa sun buɗe sabon gidan tarihi a gindin tudun a 2009, kuma ba su fasa neman a mayar musu da kayansu ba.

Daɗin daɗawa, a wannan birni Aristo ya koyar. Ilmin manɗiƙinsa ya shiga Larabci a Bagadaza, kuma Shaihu Al-Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana cikin malaman da suka yi rubutu a kansa, suka kuma kare shi.

Haɗarin ziyarar ayari shi ne kowa ya ga rabonsa kaɗai: mai ibada ya ga sawun Bulus, ɗalibin falsafa ya ga na Aristo, a manta da sauran. Ma'aikacin da aka danƙa wa amanar kayan tarihi kuwa, wajibi ne ya kiyaye dukkan zamunnan da suka ratsa gini, har da waɗanda ba su yi masa daɗi ba.