Amsar Takardunku: Shanun Huɗa da Fim ɗin Farko

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gaya. Ya ce ɗansa mawaƙi ne, shi da abokansa za su shirya fim ɗinsu na farko, kuma yaron ya matsa lallai a sayar da shanun huɗa a ba su jari. Yana tambaya, ya sayar ko ya hana?

To Malam, da farko dai kada ka raina sana'ar. A 1990 ne 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano suka fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan harkar ta kankama. Amma mawaƙin fim sai da haƙuri, don muryarsa ake ji, fuskar wani ake gani. Umar M. Shareef ya yi shekaru yana rera wa fina-finai waƙa kafin Ali Nuhu ya sa shi jarumin fim ɗin Mansoor a 2017.

Sannan kasuwa ta canja. A da, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke sayen kaset da faifai su rarraba ƙauyuka. Masu tura fim a waya sun karya wannan ciniki. Yanzu sai a kai wa gidan talabijin irin su Arewa24, ko a ɗora a YouTube. Shi kuwa YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla a kan fim sai tashar ta tara mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin shekara guda. Kafin nan fa damina ta faɗi, da me za ka yi huɗa?

Shawarata uku ce. Ka bar shanunka a turke, ka ba shi abin da in ya salwanta gida ba zai girgiza ba, ko buhun masara biyu ne. Su fara da gajeren fim su ga yadda jama'a za su karɓa. Na uku, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: waƙar ta wane ne, kuma nawa ne rabon kowa. Nan ne abota kan ɓaci.

Ka zaunar da shi ku yi magana ta fahimta, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya yi masa albarka, Ya ba mu damina mai kyau. Sai mun ji daga gare ku.